Ruwa Na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Sufeto ya yi yana karɓar yabo a kan shayin da bai taɓa kunna wa wuta ba.

Tun yana aikin duba makarantu aka laƙaba masa Sufeto. Ya yi ritaya, sunan bai yi ba, halin ma haka. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar bayan aji da jan biro a hannu, yana rubuta wa malamai kurakuransu. Da aka raba shi da makarantu sai ya dawo da biron gida, ya shiga duba labule, duba takalman bakin ƙofa, duba gishirin abinci. Ɗaki ɗaya ne kawai bai taɓa kai wa ziyarar aiki ba, shi ne kicin. Iyakarsa bakin ƙofa, nan ma don ya karɓi filas.

Kullum ƙarfe biyar na yamma abokansa biyu sukan hawo benen da yake zaune a hawa na biyu. Akwai Likitan Dabbobi, mai ƙaton ciki da bakin da ba ya da linzami, akwai kuma Akawu, tsohon ma'aikacin kotu wanda kunnensa ɗaya ya daina aiki. Sukan zauna a baranda suna kallon wurin ajiye motoci, suna gyara duniya. Ƙarfe huɗu da rabi mai ɗakin Sufeto za ta tsai da keken ɗinkinta, inda take ɗinka wa 'yan makaranta riguna, ta shiga kicin. Ƙarfe biyar daidai filas na kan faranti da kofuna uku. Aikin Sufeto shi ne ya ɗauko farantin, ya yi taku goma sha biyu zuwa baranda, ya ɗaga filas sama ya tsiyaya har shayin ya yi ɗan kumfa. Shi yakan sha kofi biyu, baƙi ɗai-ɗai.

Shayin kuwa, a faɗi gaskiya, ya cancanci a hau masa bene. Ba madara, ba kauri. Ja ne garau, kana hango bakin cokali a ƙasan kofi. Citta ta ɗumama maka maƙogwaro, kanumfari ya biyo baya a hankali, ɗan tsamin lemo ya wanke bakin. Da abokan sun kurɓa sai su ce, “Kai, Sarkin Shayi!” Shi kuma ya gyara zama ya fara lacca.

“Sirrin shayi wuta ce,” in ji shi. “Sai ganye ya sha wahala. Tafasa bakwai, ba ragi. Kuma kada ka yi rowar kanumfari, cika hannu za ka yi.”

Akawu ya taɓa rubuta wannan a bayan ambulan ya je gida ya gwada. Washegari ya dawo yana cewa lallai abin hannu ne, wani hannun ba ya karɓa. Sufeto ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya ce ai baiwa ce. Duk wannan mai ɗaki na ji ta taga, ƙafarta na kan keke tana ɗinka aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, rana dubu ta ɓarawo. Aka yi wa mai ɗaki tiyata aka cire mata matsarmama, ta kwana biyar a asibiti, aka sallamo ta da ledar magunguna da sharaɗi: ba maiƙo, ba madara, amma lallai ta riƙa shan ruwa-ruwa. Kwana biyu da dawowarta ba abin da ya zauna mata a ciki. Ruwan sanyi ya tayar mata da zuciya, na ɗumi ma haka. Leɓenta ya bushe ya tsattsage, ƙwayoyin magani na nan jere a kan durowa ba abin haɗiye su. Likita ya faɗa ta waya ƙarara, in har gobe da safe ba ta fara sha ba, a mayar da ita a ɗaura mata ƙarin ruwa. Da ta ji haka sai ta dubi bayan hannayenta, inda neman jijiya ya bar mata shuɗin tabo, hawaye ya zubo mata. Tsoron komawa gadon nan take yi, ba ta kuwa ɓoye ba.

Mai jinyarta ita ce yayar Sufeto, wadda ta girme shi da shekara bakwai, ta goya shi, ta share masa majina. Tsohuwar malamar firamare ce, saboda haka tana da tsohon bashin haushi a kan duk wani mai duba makarantu. A duk duniya ita kaɗai ke kiran sa Auta, kuma ba ta rage murya in za ta kira.

Ranar da abokan suka zo dubiya, suka tsaya daga bakin ƙofar ɗaki suna sannu, Likitan Dabbobi ya ji abin da ake ciki sai ya tafa hannu.

“Haba! Ga magani a gonar yaro! Sufeto, ka dafa mata shayin nan naka mana. Ba madara, ba nauyi, ga citta mai kwantar da zuciya. Me ake jira?”

Sufeto ya buɗe baki zai ce shayi ba na marar lafiya ba ne, sai wata siririyar murya ta fito daga gado.

“Wallahi shi kaɗai raina ke so, Malam.”

Yaya ta juyo ta dube shi ta saman tabarau, bakinta na motsi kamar mai tauna dariya.

“To, Auta, ka ji. Sarki guda a gida, a ce matarsa ta koma asibiti saboda ƙishi? Ga kicin can, ƙofa ta biyu hannun hagu, ko ka manta.”

Ya miƙe yana naɗe hannun riga kamar wanda aka kira aikin da ya raina. A zuciyarsa kuwa cewa yake, me ke cikin shayi? Ruwa ne da ganye. Abin da mace ke yi tsakanin ɗinki da ɗinki ba zai gagari mutumin da ya duba makarantu ɗari da arba'in ba.

Kicin ɗin ƙarami ne, a share tas, ba abin da ya san mazauninsa a ciki. Gwangwanaye da kwalabe jere a kan kanta, ba ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Wannan ma ya lura da shi a matsayin kuskure, ya ƙudura zai yi magana in ta warke. Ya buɗe na farko, gishiri. Na biyu, maɓallan riga. Sai a na biyar ya tarar da ganyen shayi. Ashana huɗu ya ƙona kafin ya gane sai an buɗe kan tukunyar gas tukuna. Ya sami wata 'yar tukunya mai baƙin gindi a rataye ita kaɗai, ya cika ta da ruwa ya ɗora.

Daga nan sai ya bi laccarsa sau da ƙafa, don ya maimaita ta shekara da shekaru har shi ma ya gaskata. Ya zuba ganye cokali huɗu tun ruwa na sanyi. Ya cika hannu da kanumfari ya watsa. Ya jefa citta guda sukutum ko ɓare ta bai yi ba, ya karya sandar kirfa biyu ya tura. Sa'an nan ya tsaya da agogo a hannu yana ƙirga tafasa. A ta uku tukunya ta yi ambaliya ta kashe wutar, ya sake kunnawa. A ta bakwai abin da ke ciki ya koma baƙi ƙirin, ya ƙafe saura rabi, warinsa ya cika gidan kamar ɗakin mai cire haƙori.

Duk da haka ya ɗura a filas, ya yi takunsa goma sha biyu, ya ɗaga hannu sama ya tsiyaya. Yaya ta fito ta ce ba abin da zai shiga bakin marar lafiya sai ta ɗanɗana. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta nufi bakin baranda ta tofar a tukunyar fure.

“Allah ya jiƙan furen nan,” in ji ta.

Akawu, mutumin kirki, ya haɗiye nasa idonsa na ruwa, ya ce yau ya ɗan yi nauyi. Likitan Dabbobi ya sansana kawai ya ajiye.

“Na san wannan,” ya ce. “Irinsa muke ɗura wa doki in yana da tsutsar ciki. Sai dai mu sai mutum huɗu sun riƙe shi.”

“Ganyen ne,” in ji Sufeto da sauri. “An canja ganye ba a gaya mini ba. Kuma gas ɗin nan ba shi da ƙarfi.”

Ya bi Yaya zuwa lungun kicin, ya sassauta murya. “Yaya, ke da kika saba, ɗan sa mini hannu mana. Kin san na kwana biyu ban yi ba.”

“Kwana biyu? Auta, ka ji tsoron Allah. Ni dai nawa shayin na madara ne, wanda cokali ke tsayawa a ciki, shi kuma likita ya hana. Wadda ta san wannan tana can kwance. Ka je ka tambaye ta, bakinka ba zai yage ba.”

Girman kai rawanin tsiya. Ya fi minti goma yana kai-kawo a falo yana gyara hotunan bango da ba su karkace ba. Da ya ga agogo na tafiya, sai ya shiga ɗakin ya tura ƙofa ya rufe, ya ja kujerar ɗinki ya zauna kusa da gado, ya harɗe ƙafa. Ko a nan bai iya tambaya irin ta mutane ba.

“Maman yara,” ya ce, “bari in ɗan gwada ki, in ga ko maganin barcin asibiti bai taɓa miki ƙwaƙwalwa ba. Faɗa mini yadda ake shayin nan, daga farko.”

Ba ta buɗe ido ba. Ta lashi busasshen leɓenta ta fara, a hankali, tana hutawa tsakanin magana.

“'Yar tukunyar nan mai baƙin gindi. Ruwa kofi huɗu. Citta kamar gaɓar babban yatsa, ka kankare ta, ka ƙwanƙwasa da gindin kofi, ba daka ba. Kanumfari uku.”

“Uku me? Cokali?”

“Ƙwaya uku, Malam. Kirfa kamar rabin ɗan yatsa. Su kaɗai za su tafasa, ba ganye. Ka bar su sai ka ji ƙanshi ya iso nan wajen keken ɗinki. Daga nan ka kashe wuta.”

“A kashe wuta? Ganyen fa?”

“Sai wuta ta mutu ake zuba shi. Cokali ɗaya, ƙarami. Ganyen shayi ba ya son tafasa, ɗaci yake yi. Ka rufe, ka wanke kofuna ka jera a faranti. Kafin ka gama ya yi. Ka tace, sukari kaɗan, lemon tsami ɗigo uku-uku a cikin kofi, ba a tukunya ba.”

Sufeto ya ji tafasarsa bakwai na rushewa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

“Daidai,” ya ce. “Kin ci. Ƙwaƙwalwarki lafiya lau.”

Wannan karon ya bi abin da aka gaya masa kamar ɗan aji ɗaya. Ya ƙirga kanumfari uku a tafin hannu yana jin kamar ana yi masa dariya. Ya riƙa zuwa wajen keken ɗinki yana shaƙar iska yana komowa, Yaya na bin sa da ido. Da ƙanshi ya iso ya kashe wuta, ya zuba ganye, ya rufe, ya wanke kofuna, karo na farko a rayuwar aurensa, har ya jiƙa gaban rigarsa. Da ya tace sai ga shi ja garau. Ya juye abin da ya rage a tukunya cikin kwandon shara, ya ɗauraye ta, ya fito.

Likitan Dabbobi ya kurɓa ya lumshe ido. “Yawwa! Sarki ya dawo gida.”

Nan take Sufeto ya kumbura ya koma yadda yake. Ya ce ai tun farko ya faɗa, gas ne. Ya cika kofi, ya ɗora a ɗan faranti, ya nufi ɗaki abokan na biye da shi har bakin ƙofa don su shaida. Yaya ta tallafo mai ɗaki ta jingina ta da filo. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sansana, ta kurɓa kaɗan. Sai ta yamutsa fuska, ta kau da kai, ta miƙo masa.

“Ya yi mini ƙarfi. Ba shi ba ne.”

“Ba shi ba ne kamar yaya?” Muryarsa ta hau. “Ga shaidu nan biyu sun ce shi ne! Ƙwaya uku, cokali ɗaya, abin da ki...” Ya haɗiye sauran, ya waiwayi ƙofa.

“Shi ne, Malam, ka yi daidai,” ta ce. “Amma wannan naku ne. Ni nawa nake so.”

“Naki? Shayi nawa ake yi a gidan nan?”

“Ina abin da ka tace? Ganyen da cittar?”

“Na zubar mana. Shara ce.”

Ta rufe ido kamar wadda aka gaya wa an yi asara. “Shi ne nawa. In na cika muku filas, sai in ƙara ruwan zafi kofi ɗaya a kan abin da ya saura a tukunya, in rufe, in koma ɗinki. In na gama hannun riga ɗaya sai in je in tace in sha. Shi bakina ya sani.”

Akawu, da bai ji da kyau ba, ya tambayi Likitan Dabbobi me ta ce, shi kuwa a karon farko bakinsa ya sami linzami.

“To, me ya hana ki zuba wa kanki daga na farko?” in ji Sufeto. Ya so ya yi faɗa ne, amma tambaya ce kawai ta fito.

“Tukunyar kofi huɗu take ci. Biyu naka, ɗai-ɗai na baƙi.” Ba da zafi ta faɗa ba, lissafi kawai take yi masa. “Kai ka sayo ta shekarar da muka tare. Ka auna ta da kofi a gabana, ka ce ta ishi gidan.”

Ya tuna. Abin haushin ke nan, ya tuna sarai. Har da yadda ya yaba wa kansa a ranar, cewa shi ba ya sayen abin da ya wuce bukata.

Yaya ta karɓi kofin daga hannunsa ta ajiye a kan durowa kusa da magungunan. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Makaranta ɗari da arba'in ka duba, Auta,” ta ce. “Je ka sake ɗora ruwa.”

Ya koma kicin. Ba yadda za a yi a sami na biyu sai an yi na farko, don haka ya sake komai daga tushe: citta, kanumfari uku, kirfa, zuwa wajen keke da dawowa. Ya tace na farkon a filas ya ture shi gefe ko kallonsa bai yi ba. Ya tafasa ruwa kofi ɗaya a buta, ya zuba a kan jiƙaƙƙen ganyen da ya kwanta a gindin tukunya, ya rufe. Bai san tsawon lokacin da ake ɗinka hannun riga ba. Shekara talatin da ɗaya keken nan na ƙara a kunnensa, bai sani ba. Dole ya leƙa ya tambayi Yaya, ta ce ya ba shi minti goma.

Abin da ya fito ruwa ne mai ɗan launi, fari-fari kamar an wanke kofin shayi a ciki. Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Citta ce can nesa, kanumfarin ya tafi, ganyen sai alama. Da a wani gida aka miƙo masa wannan, da ya yi mako yana ba da labarin rowar masu gidan. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda bai taɓa jin irinta ba.

Ya kai mata, ba faranti, ba ɗaga hannu sama. Ta kurɓa, ta dakata, Yaya na riƙe da roba ko za a yi amai. Ba a yi ba. Ta sake kurɓa. Ta miƙa hannu aka sa mata ƙwayar magani, ta haɗiye da shi, ta shanye kofin har ƙasa, ta sauke ajiyar zuciya.

“Alhamdu lillahi,” in ji Yaya. “In aka samu wani kofin anjima, ba inda za ki gobe.”

Mai ɗaki ta mayar da kai kan filo, ta dubi mijinta da rigarsa jiƙaƙƙiya.

“Sannu, Malam,” ta ce. “Wannan kam ka iya shi.”

Shi ne yabo na farko da aka taɓa yi masa a kan shayin da ya dafa da hannunsa aka kuma sha don bukata, ga shi ba inda zai kai shi ya yi lacca. Ya fito da kofin wayam. A baranda abokan sun riga sun ɗauko filas da kansu sun zuba, sun cika masa nasa kofin sun ajiye a gaban kujerarsa. Akawu, da har yanzu bai gama gane abin da ya faru ba, ya zaro ambulan da biro daga aljihu.

“Sarkin Shayi, sake faɗa mini sirrin nan in gyara rubutuna. Tafasa nawa ka ce?”

Sufeto ya dubi kofin da aka cika masa, ya dubi filas ɗin da saura kofi ɗaya a ciki, wanda kowa ya san na wane ne. Bai zauna ba. Ya wuce kicin, ya tsaya gaban 'yar tukunyar mai baƙin gindi yana jujjuya ta a hannu.